Shin Kifi Yana Jin Ƙamshi? Tarihin Abincin Ƙugiya Daga Gulbin Maraɗi Zuwa Dam Ɗin Jibiya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi ne da ke taɓa sana'ar su idan rani ya yi, ya rubuto mana daga garin Daddara cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina. Ya ce yana ganin hotuna a wayar hannu inda ake nuna waɗansu mutane suna kwaɓa gari, su ɗiga masa wani ruwa mai ƙamshi daga cikin 'yar kwalba, su jefa a ruwa, sai ka ga kifi ya taru kamar an yi masa shela. Shi ne yake son a ba shi tarihin wannan dabara. Yaushe aka fara ta? Shin kifi ma yana jin ƙamshi kuwa? Kuma ya dace talaka ya sa kuɗinsa a irin wannan kwalba?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ta shafi masunta da fataken kifi, ta kuma shafi duk mai shan ruwan dam. Amsar a taƙaice ita ce, ƙwarai kuwa kifi yana jin ƙamshi, yana kuma jin ɗanɗano, har ma waɗansu irin kifaye sun fi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Dabarar kiran kifi da ƙamshi kuma ta haura shekara 2,000 a rubuce. Sai dai abin da ke yi wa hancin mutum daɗi daban, abin da ke kiran kifi daban. Bari mu ɗauko maganar daga gida.

Su kafin zuwan dam

Duk wanda ya san ƙasar Jibiya ya san cewa ruwanta na da, ruwan damina ne. Kogin Gada da ke ratsa ta 'yan watanni yake gudu a shekara, sa'an nan ya koma rairayi. Wannan kogi shi ne ke tsallaka iyaka ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. Yakan bi ta kusa da Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, ya sake komowa Nijeriya ta ƙasar Gobir ya faɗa gulbin Rima. Daga nan ruwan ya wuce Sakkwato da Argungu har ya tarad da kogin Kwara. Kun ga ke nan ruwan da ya wuce gonakin mutanen Jibiya da damina, shi ne wata rana yake bi ta ƙasar Kabi.

A irin wannan ƙasa, kifi yakan biyo ambaliya ya shiga fadamu da tafkuna ya hayayyafa. Idan ruwa ya janye sai ya maƙale a gurbi, gurbin kuma kullum ƙara tsukewa yake yi. Saboda haka masuncin wancan zamani bai cika bukatar ya kira kifi ba, rani ne yake tara masa shi wuri guda. Sarkin Ruwa ko mai gari yakan hana taɓa tafki har sai kifi ya ƙosa, ran da aka buɗe kuwa sai gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, wannan da homa, wancan da koma, wani da gora, wani ma da hannu kawai yake lalube. Gaiwa kuwa, da ke binne kanta cikin laka ta yi barcin rani, tono ta ake yi kamar rogo.

Wanda ke son ya ga hoton wancan tsohon su, sai ya dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo sifarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. A Matan Fada homa da gora ake shiga ruwa da su, babu ƙugiya balle abincinta. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wannan ba ya nufin kakanninmu ba su san abincin ƙugiya ba. Yaro mai fatsa ya san ya tono tana a gindin randa ko bakin rijiya, ya san gara da fara da ɗan ƙaramin kwaɗo da hanjin kaza. Sarkawa na ƙasar Kabi da Yawuri, waɗanda suke zaune a bakin ruwan da ba ya ƙafewa, su kam sun daɗe da sanin abin da kowane kifi yake so, da lokacin da yake son shi. Abin lura dai shi ne, inda ruwa yake ƙafewa abincin ƙugiya wasan yara ne, inda ruwa yake tsayawa kuwa shi ne jarin sana'a.

Da ruwa ya tsaya, sai sana'a ta sauya

Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun sauya fuskar Arewa. Gwamnati ta mai da hankali ga gina madatsun ruwa, aka kafa hukumomin raya koguna a 1976. An riga an gama Kainji a 1968, sai Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Zobe ta Dutsin-ma a 1983. Dam ɗin Jibiya kuwa an tsara shi a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka kammala gininsa a 1989. Tsawon bangonsa ya haura kilomita uku da rabi, kuma an yi shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142, domin noman rani da ruwan sha.

To Malam, ka ga a nan ne labari ya juya. Ruwa mai zurfi mai faɗi wanda ba ya ƙafewa, ba a shiga masa da homa a ce za a yi abin kirki. Kifi yana da wurin gudu. Dole masunci ya nemi kwalekwale, ya nemi kalli da birgi, ya nemi doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Kuma dole ya koyi yadda zai sa kifi ya zo da kansa. Wannan ya sa a madatsun Arewa manoma da yawa suka koyi su daga hannun baƙin masunta da suka biyo ruwa.

Su ma baƙin masuntan fari ne ya tarwatsa su. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. A waɗannan shekaru ne wani tarko da masunta 'yan ƙasar Mali suka zo da shi ya bazu a Chadi da Kainji da sauran ruwayenmu. Shi ne ake kira gura, waɗansu kuma su ce mali. Da tsumagu ake ɗaure shi a lulluɓe da raga, a bar 'yan ƙofofi waɗanda kifi zai shiga amma ya kasa fita. A tafkin Chadi akan jera shi da yawa a tare hanyar ruwa, abin da ake kira dumba. A ruwan da ba ya gudu kuwa, gura ba ta da amfani sai an sa mata abin da zai jawo kifi, kuma abin da aka fi sawa shi ne dusa, a kwaɓa ta a cura.

Ta haka dusar gero da ta dawa da ta masara, wadda a da sai akuya da kaji, ta zama kayan aikin masunci. Waɗansu su haɗa ta da ƙuli-ƙuli, waɗansu su bar ta ta kwana ta yi tsami, waɗansu su soya ta sama-sama don ƙamshi ya tashi. A kudancin ƙasar nan, inda babu gero, ƙwarar manja da rogo ake sawa. Har sabulun wanki ma ana yankawa ƙanana a soka a ƙugiya domin tarwaɗa, a nan Afirka da ma can Amurka, saboda da kitse ko mai ake yin sa, kuma yana daɗewa a ƙugiya ƙananan kifaye ba su tsattsage shi ba. Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi yake kiran kifi.

Abin da aka rubuta a waɗansu ƙasashe

Masuntanmu da baki suke gadar da iliminsu, shi ya sa idan ana neman shekaru sai an leƙa ƙasashen da suka rubuta nasu. Amma kada a ɗauka mu baƙi ne a kan ruwa. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale wanda masana suka auna suka ce ya kai shekara 8,000. Babu wanda ya kai shi tsufa cikin waɗanda aka tono a nahiyar Afirka.

A rubuce kuwa, malamin nan na ƙasar Girka, Aristotil, wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kawo hujja a littafinsa na dabbobi cewa kifi yana jin wari. Hujjar tasa daga bakin masunta ya samo ta. Ya ce sukan gasa naman waɗansu halittun teku kafin su sa a tarko, don ƙaurin gashin ya jawo kifi daga nesa. Ka ji fa, dabarar da mai soya dusa yake yi a bakin dam yau, ita ce masuntan Girka suke yi tun wancan zamani. A ƙarni na 10 kuma, a birnin da ake kira Istanbul yanzu, an tattara wani babban littafin noma wanda babinsa na ƙarshe kusan duk haɗe-haɗen abincin kifi ne.

A Ingila, wani mutum mai suna Izaak Walton ya fitar da littafinsa na kamun kifi a 1653. A ciki ya yi bayanin kwaɓin gari da zuma, da kwaɓin cuku mai ƙarfin wari, ya kuma ba da labarin wani tsohon masunci da ke ajiye tanarsa cikin ɗan akwati da aka shafa wa man 'ya'yan wata itaciya, yana ɓoye sirrin ga abokansa. Waɗansu marubutan wannan ƙarni sun wuce gona da iri, har suna cewa a haɗa da kitsen kyanwa, kai har da kitsen mutum. Wannan ya nuna mana cewa tun fil azal sana'ar nan tana tafe da abu biyu: gaskiyar da aka gwada, da kuma camfi da masu sayar da asiri suke cin abinci da shi. Aikin mai hankali shi ne ya rarrabe su.

Yadda masana suka gwada

Cikin waɗanda suka rarrabe da gwaji mai sauƙi akwai George Parker na Jami'ar Harvard ta Amurka, a 1910. Ya sami wani kifi ɗan uwan tarwaɗa ya zuba a kwarami. Sai ya ƙulla ƙyalle biyu iri ɗaya, ɗaya da yankakkiyar tana a ciki, ɗaya babu kome, ya rataya su cikin ruwan. Kifayen suka yi ta cafkar ƙullin mai tana, suka ƙyale ɗayan, alhali ido ba zai bambanta su ba. Da ya yanke wa waɗansu jijiyar hanci, sai suka daina gane ƙullin. Magana ta ƙare ke nan, kifi da hanci yake neman abinci.

Hancin kifi ba na numfashi ba ne irin namu. Idan ka duba kan karfasa ko tarwaɗa za ka ga 'yan ƙofofi a gaban idanu. Ruwa ne ke shiga ciki yana fita, yana shafar wata fata mai ninki-ninki wadda take karanta abin da ya narke a cikinsa. Ban da hanci kuma akwai ɗanɗano. Mu a baki kaɗai muke ɗanɗana abu, amma dangin tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu da ragon ruwa suna ɗanɗanawa da gashin bakinsu, har da fatar jikinsu. A 1971 wani masani mai suna Jelle Atema ya ƙididdige ƙwayoyin ɗanɗano fiye da 175,000 a jikin wani ɗan uwan tarwaɗa na Amurka, alhali na ɗan Adam ba su cika wuce 10,000 ba. Shi ya sa tarwaɗa take kiwo da dare cikin ruwa mai laka, ba ta damu da duhu ba.

To mene ne kifin yake ji? A shekarun 1970 John Caprio, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Jihar Luwiziyana, ya nuna cewa abin da ya fi motsa jijiyoyin irin waɗannan kifaye shi ne waɗansu sinadarai da ake kira amino asid. Su ne ƙananan tubalan da ke haɗuwa su gina nama da jini, kuma suna tsatsowa daga jikin tana, da gara, da hanji, da kifin da aka yanka, da hatsin da ya jiƙa ya fara tsami. Muhimmin abu game da su shi ne suna narkewa cikin ruwa. Turare kuwa da yawancin kayan ƙamshin da ke burge hancin mutum, a iska suke tashi, da yawansu kuma mai ne, shi kuwa mai taso wa yake yi saman ruwa ya bar kifi a ƙasa. Saboda haka kwalba tana iya cika kasuwa da ƙamshi, amma a ƙarƙashin ruwa ta zama kurma.

Hancin nan kamar yadda yake kira, haka yake kora. A 1938 Karl von Frisch, masanin ƙasar Ostiriya, ya gano cewa idan aka ji wa wani ƙaramin kifi rauni a fata, yakan saki wani sinadari da ke sa 'yan uwansa su watse. A shekarun 1950 kuma masana a ƙasar Kanada suka lura cewa idan mutum ya wanke hannunsa a ruwan da kifin salmon yake hawa, sai kifin ya ja da baya, saboda wani sinadari da ke fita daga fatar mutum. Ashe tsofaffin masunta da ke goge hannu da laka kafin su taɓa ƙugiya, suna kuma hana mai warin fetur ko kananzir ko taba ya taɓa musu kwaɓi, ba camfi suke yi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai a sani, ba kowane kifi ne hanci yake ja ba. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, motsi da ƙyalli suke bi, sai ɗan kifi mai rai ko abin da ya yi kama da shi. Karfasa mai cin gansakuka da ganye ce, ita ce take taruwa a kan dusa. Tarwaɗa da 'yan uwanta su ne ma'abota wari. Lokaci ma yana da nasa. Da hunturu, ruwa ya yi sanyi, kifi yakan rage ci, ko me ka sa masa. Inda ruwa ke gudu kuma, ƙamshi gangarawa yake yi, don haka kifin da ke ƙasa da tarkonka ne zai ji shi, na sama bai san kana yi ba.

Asalin kwalaben da ake gani a waya

Yanzu sai mu zo kan kwalbar da mai tambaya ya gani. Tushenta Turai ne da Amurka, inda mutane da yawa suke kamun kifi don nishaɗi. A Ingila, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, masu farautar wani kifi da ake kira kaf suka ƙirƙiro curin gari da ƙwai wanda ake dafawa ya yi tauri, don kada ƙananan kifaye su cinye shi. Wani mai suna Fred Wilton ya yi suna a kan cewa a cika curin da abinci mai gina jiki. Daga baya aka shiga ɗiga masa kayan ƙamshin da ake sa wa alewa da biskit. A Amurka kuma kamfanin Berkley ya fitar da kwaɓin da ya kira PowerBait a ƙarshen shekarun 1980, bayan gwaje-gwaje a kan kifayen can.

Abu biyu ya kamata manomi ya riƙe a nan. Na farko, don kifayen waɗancan ƙasashe aka yi waɗannan kaya. Shi kaf ɗin an taɓa kawo shi gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato cikin shekarun 1950, amma ba shi ne kifin gulabenmu ba. Na biyu, a can sau da yawa idan an kama kifi hoto ake ɗauka a mayar da shi ruwa. Kifin da ya sha ƙugiya sau uku yakan gane abincin da ya cuce shi, shi ya sa kullum suke neman sabon ƙamshi. Mu kuwa kifin da ya hau ƙugiya tukunya ya nufa ko banda, ba ya komawa ya ba 'yan uwansa labari. Hotunan waya kuma, ai ba wanda ya nuna maka ko a kududdufin kiwo aka ɗauka, inda kifi ya kwana da yunwa, ko tsakuwa ka jefa zai taru.

Tsakanin kira da kisa

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba za mu tsallake ba, domin a bakin mutanenmu kalmar "maganin kifi" fuska biyu gare ta. Tun da can an san magimfa, wadda ake daka ganyenta a zuba a gurbi kifi ya bugu ya taso. An san ɓawon aduwa da makubar ɗorawa. Waɗannan ma sarakunan ruwa da yawa ba su yarda da su ba, saboda ba sa barin ƙanana.

Da zamani ya zo sai abin ya ƙazanta. A shekarun 1950 aka shigo da maganin ƙwari mai suna Gammalin 20 domin feshin koko a Gana da yammacin Nijeriya. Ba a daɗe ba waɗansu marasa tsoron Allah suka gane cewa idan aka tsiyaya shi a ruwa kifi zai taso birjik. Daga nan abin ya bazu har ruwayen Arewa. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, ba ya zaɓe. Yana kashe babba da ƙarami, da kwaɗi da ƙwarin da kifi ke ci, kuma yana daɗewa bai lalace ba, yana taruwa cikin kitsen kifi da na wanda ya ci kifin. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa Doka mai lamba 108 ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, wadda ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki. A 2009 ƙasashen duniya suka sa lindan cikin jerin sinadaran da za a daina yi ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, a 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yana jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Dalilin kawo wannan shi ne, kwalbar da ba ta da suna, ba ta da lambar NAFDAC ko bayanin abin da ke ciki, ba ka san ko kira take yi ko kisa ba. Alamar da za ka gane ita ce: abinci yana sa kifi ya nutsa ya ci, guba kuwa tana sa ya taso sama yana haki yana juyi. Duk abin da aka ce maka zai sa kifi ya taso da kansa ka kwasa da hannu, ka guje shi. Ruwan dam ɗin Jibiya shi ake sha, shi ake ba dabbobi, shi ake ban-ruwan tumatir da albasa da alkama, abin da ya wuce kuma 'yan uwanmu na Madarunfa da Maraɗi ne suke tarbarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawara ga masunta da fatake

Ga masunci, abin da tarihi da gwajin masana suka haɗu a kai shi ne, mafi yawan abin da kifinmu yake so yana cikin gidanka. Don karfasa, dusa da ɗan ƙuli-ƙuli, a ɗaure kwaɓin da ɗan tuwo ko garin rogo yadda zai riƙa narkewa a hankali, kada ya watse nan take, kada kuma ya yi tauri ya riƙe ƙamshinsa. Don tarwaɗa, tana ko gara ko hanji ko yankan kifi, a kafa da yamma a duba da asuba. Kada a cika zuba dusa a ƙaramin tafki, domin abin da kifi bai ci ba ruɓewa yake yi ya cinye iskar da ke cikin ruwan, kifin da kake kira ya shaƙe. A kuma saki ƙanana, su ne jarin baɗi.

Idan kuma ranka ya biya sai ka gwada sabon abu, ko tafarnuwa ce, ko daddawa, ko kwalbar kanti mai suna da lamba, to yi irin na Parker. Sami gura biyu iri ɗaya, ka sa musu kwaɓi iri ɗaya, ɗaya da sabon ƙamshin ɗaya babu. Kafa su kusa da juna, kullum ka musanya musu wuri, ka riƙa ƙirga abin da kowace ta kama har kwana goma. Sa'an nan ka zauna ka yi lissafi: ƙarin kifin da aka samu ya biya kuɗin kwalbar ko bai biya ba? Kamun kwana ɗaya ba hujja ba ne, domin wata rana ko ƙugiya tsirara ka jefa sai ta kama. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga fatake kuma masu kai kaya kasuwar Jibiya da ƙauyukan iyaka, kada ɗan ribar kwalba ya sa ku ɗauko abin da ba ku san asalinsa ba. Mai sayen kifi shi ma ya san hannun da yake saye, domin da zarar an ce kifin wuri kaza na guba ne, kasuwar mai gaskiya da ta maƙaryaci tare suke mutuwa. Wanda ke son ƙarin bayani yana iya tuntuɓar jami'an kula da kamun kifi na jiharsa, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa a bakin tafkin Kainji, wadda wannan shi ne aikinta.

Da fatan mai tambaya da sauran masu sauraro sun gamsu. Allah ya sa albarka a ruwa da gona, sai kuma mun ji daga gare ku.